Kukan Keken Ɗinki

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da ƙarfin halin da na yi na rubuto miki da kaina, ban bari Mama ta isar da saƙona kamar yadda aka saba ba. Kin san ko a gabanki bakina nauyi yake yi, shi ya sa na ga takarda za ta fi mini sauƙi. Ina fatan kina lafiya, ke da Kawu da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ciwon gwiwar nan ya tafi ke nan. Mu ma lafiya lau muke. Mama ta warke daga murar da ta yi, ƙanena kuma ya fara zuwa makaranta, kullum sai ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya a hannu.

Goggo, maganar shafin intanet na shagon Baba ce, wanda kika buɗe ranar da za ki tafi, kika bar mini tsohuwar wayarki kika ce in riƙe shi amana. Da farko abin ya zo da sauƙi. Duk keken ɗinkin da Baba ya gyara sai in goge shi, in ɗauki hotonsa a jikin bango, in ɗora. Amma keke baƙi keke baƙi ne, ba a daɗe ba hotunan suka zama kamar guda ɗaya nake ta maimaitawa, har ƙawata ta tambaye ni ko wayar ce ta lalace. Daga nan kaina ya ƙafe. Na nemi shawara a intanet, aka ce a riƙa nuna fuskar mai shago yana murmushi, a kuma tambayi mabiya launin da suka fi so. Na yi tambayar, ba wanda ya amsa sai Mama. Na roƙi Baba ya yi murmushi, ya ce shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne, hoton ya fito kamar an kira shi shaida a kotu. A ranar ya ce idan wata ya ƙare ban samo abin kirki ba, a rufe shafin a mayar miki da wayarki, don ba ya son sunan shagonsa a wurin da ba kowa. Ban iya cin abinci ba, ina ta tunanin da wane ido zan dube ki.

Ranar Asabar ina zaune a kan bencin shago sai ga wata tela ta shigo babu keke, wai ya yi mata nauyi. Kin san halin ɗan'uwanki, ba ya tambayar me ya lalace, sai dai ya ce yaya keken yake kuka. Matar nan, babba da ita, ta gyara tsayuwa ta yi ƙas-ƙas-ƙas da bakinta, har da girgiza kafaɗa. Baba ya karkata kai ya ce ta sake, da ta sake sai ya ce allura ce take dukan gidan bobin, inda zaren ƙasa yake zama. Dariya ta kusa kashe ni, na toshe baki da gefen mayafi. A nan ne na gane cewa duk abin da nake nema kullum ana yin sa a gabana, ni kuwa na tsaya ɗaukar hoton bango.

Da ta kawo keken, na nemi izininta na naɗi ƙararsa kafin gyara da bayan gyara, na ɗora, na rubuta a ƙasa cewa duk wanda kekensa yake irin wannan kukan ya turo mu ji. Goggo, saƙonnin murya suka fara shigowa. Wasu na keken suke naɗowa, wasu da baki suke yi, wani ma ya ce kekensa ya mutu gaba ɗaya amma ga yadda ya yi kafin ya mutu. Yanzu ba na neman abin ɗorawa, kowane kuka da aka turo darasi ne guda, kuma layi suke bi. Wata ya ƙare, Baba bai sake zancen rufewa ba. Jiya ma shi ya dakatar da aiki, sukudireba a hannu, ya tambaye ni ko na naɗi kukan keken da ke gabansa, don irinsa ba ya zuwa kullum. Karatuna bai taɓu ba, sai na gama aikin makaranta nake duba wayar.

Mama tana gaishe ki, ita da Kaka da ƙanena. A gaida Kawu da Yaya babba da 'yan biyu. Baba bai ce in gaishe ki ba, kin san shi. Ya dai ce keken da ya haɗa miki kika tafi da shi, ya daɗe bai ji muryarsa ba, ki naɗo masa. Da ya faɗa sai ya juya yana neman man keke, alhali yana gabansa.

Idan wannan takarda ba ta dame ki ba, ina roƙon ki ba ni izini in sake rubutowa.

'Yarki,
Shiru-shiru