Ɗakin Tsakiya Mai Ƙofa Biyu

3 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yan biyu. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ta daina hawa kujera don ɗauko kaya, akwai masu tsawo a gidan.

Na zaɓi takarda ne saboda duk sanda na ɗauko maganar asibiti a waya sai ki ce kin bar abu a kan wuta. Takarda kuwa ba ta katsewa.

Kin tambaye ni wane irin aiki na samu. Mu shida ne a kamfanin, shugabanmu muna ce masa Injiniya. Aikinmu shigar da asibitoci cikin kwamfuta, amma ba marasa lafiya ba, wuraren kansu. Kowane wuri muna ba shi lamba da suna, sannan mu rubuta wanda yake ƙarƙashinsa: gado yana ƙarƙashin ɗaki, ɗaki ƙarƙashin sashe, sashe ƙarƙashin bene, bene ƙarƙashin gini. A ofis muna cewa kowane wuri da uwarsa. Manhajar ba ta yarda da uwa biyu, kuma dole a sa ranar da wurin ya fara zama na uwar tasa.

Yanzu ki zauna. Asibitin da aka tura ni naku ne. Ban gaya wa Injiniya cewa yayata ta taɓa aiki a can ba. Sau uku ina zuwa bakin teburinsa don in faɗa masa, ina komawa da tambayar banza.

Ɗakuna ɗari biyu da goma sha biyu ne, na ƙirga sau biyu. Ɗari biyu da sha ɗaya ba su da rikici. Na ƙarshen shi ne ɗakin tsakiya, mai ƙofa ɗaya ta Sashen Maza, ɗaya ta Sashen Tiyata. Na shiga na tsaya. Taku biyar ne a tsawo, huɗu a faɗi, gado ɗaya, taga ɗaya sama da kaina. A nan aka ajiye dattijon nan bayan an yi masa aiki, sha bakwai ga Yuli, shekara huɗu ke nan in Yuli ya zo, ba wanda ya leƙa shi sai da aka tarar ya cika. A nan kwamiti ya ce ɗakin na Sashen Maza ne, ke ce nas mai aiki a ranar, aka kore ki, aka riƙe takardar aikinki.

Kin gaya musu kabad ɗin ƙarfe ya tare ƙofar ta ɓangarenku, kuma ba ku da makulli. Kabad ɗin yana nan. Na durƙusa na duba: ƙafafunsa sun yi tsatsa sun manne da siminti.

Ita ma tana nan, shugabar Sashen Tiyata, wadda ta rantse wa kwamiti cewa ɗakin ba nata ba ne. Har yau Uwar Makullai suke ce mata, har yau ana jin ƙarar su kafin a gan ta. Ba ta gane ni ba. 'Yar kwamfuta take kira na, ta ce in matsa da igiyoyina kada in kayar mata da ma'aikata. Na ce to. Na naɗe igiyoyina na matsa.

Ki gaida kowa. Ki amsa mini ko da layi biyu ne.

Ƙanwarki,
Auta

24 ga Maris

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Direba ya kawo rigar da kika ɗinka mini, ta zauna daidai, sai hannun dama da ya fi na hagu tsawo da yatsa ɗaya. Kada ki ce ban gode ba, na gode. Ina fatan tarin ƙaramin ya lafa.

Layi biyun na gani: kin bar wa Allah, in kama aikina. Ke kin bari. Ni ban bari ba. Ni ce na ga kin ninke fararen kayanki kin tura ƙasan akwati. Ni ce na ji maƙwabciya tana gaya wa Inna wai a asibiti ana cewa kin kashe mutum. Shekara huɗu kina taka keken ɗinki da hannun da ya iya samun jijiyar jariri a karo ɗaya. Ita kuwa an ƙara mata girma.

Ki kwantar da hankali, ba zan yi ƙarya ba, ba zan taɓa abin da ba nawa ba. Na sa hannu kan takardar riƙe sirri, na karanta ta sau huɗu. Ga abin da ya faru.

Za a kawo injin taimaka wa numfashi guda biyu, kuma a ɗakin tsakiya za a kafa su, don shi kaɗai ke da bututun iska a bango. Sashen da ke da ɗakin shi ke da injin. Sai ga ɗakin da kowa ya guje shi ya zama ɗan gata. Sabon shugaban Sashen Maza ya ce tun da kwamiti ya taɓa cewa nasu ne, nasu ne. Uwar Makullai ta ce in ya isa ya buɗe ƙofar ta gani. Suka zo kaina su biyun, kowa yana so in rubuta shi.

Na ce ni ba alƙali ba ce, gurbi ne kawai a gabana: uwa, ranar farawa, da shaida. Gurbin shaida babu shi a da, ni na roƙi Injiniya a ƙara. Ya ce ina son wahala. Gaskiya ne, don na san in na nemi shaida a kan ɗaki ɗaya, za a ce da wata manufa. Saboda haka na nema a kan duka ɗari biyu da sha biyun, har da banɗakuna da ɗakin tsintsiya. Kwana goma sha shida ina bin mutane. Mai wanki ya ce tunda aka haife shi ba a taɓa tambayarsa takardar shaidar ɗakin guga ba, ko aure zan ɗaura masa da shi? Mai gadi ya ce in ba shi lamba shi ma, a san uwarsa.

Uwar Makullai ta cika takardarta jiya. A gurbin rana ta rubuta "tun fil azal". Na mayar mata, na ce kwamfuta ba ta karɓar kalmomi a wurin, sai rana da wata da shekara. Ta ce kwamfutar ba ta da tarbiyya, kamar masu ita. An sa taro ranar Talata.

Ba na cin abinci sosai. Ina tsoron ta tuna abin da ta faɗa a da, ta ja baya. Ki yi mini addu'a, ko ba ki yarda da ni ba.

Taki,
Auta

9 ga Afrilu

Yayata,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna da maigidan. Ki karanta wannan ke kaɗai.

An yi taron a ofishin babban likita. Mu biyar ne. Uwar Makullai ta shigo da littattafai bakwai masu baƙin bango, ta zube su a tebur har kofin shayinsa ya girgiza. Rajistar makullai ce, shekara bakwai, kowace shekara da littafinta. Ta ce ga shi nan, tun ranar da ta karɓi sashe makullin ɗakin nan bai taɓa kwana a hannun wani ba, Sashen Maza ko inuwarsa ba su taɓa gani ba. Ta ce wa shugabansu, yaro, lokacin da nake buɗe ɗakin nan kana koyon ɗaure bandeji. Shugaban ya buɗe baki zai ambaci kwamiti, babban likita ya duba agogo ya ce a bar tone-tone. Babban likitan sabo ne, bai san ki ba.

Ta ci nasara. Ta sa ranar da hannunta, ɗaya ga Fabrairu, shekara bakwai baya, ta sa hannu, babban likita ya sa nasa. Aka ce in ɗauki hoton shafukan in liƙa a gurbin shaida, kamar yadda na yi wa sauran ɗakuna.

Na ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ba, ban yi sauri ba. Littafi na huɗu, sha bakwai ga Yuli: ɗakin tsakiya, an ɗauki makulli sha ɗaya da minti ashirin na safe, an mayar biyar da kwata na yamma. Sa hannunta ne a duka biyun. Na shiga banɗaki na wanke fuska, na dawo na ƙarasa sauran ukun.

Kwana biyu tana yawo tana karɓar barka. A na uku ta zo inda nake zama, ƙarƙashin matakala, ba ƙarar makullai, ta riƙe su a tafin hannu. Ta kira ni 'yata. Ta ce an yi ɗan kuskure, a mayar da ranar shekara uku baya.

Na ce ana iya gyarawa. Sai dai manhajar ba ta goge tsohon bayani, tana ajiye shi a ƙasa, ta rubuta wanda ya nemi gyara da dalilinsa. Na juya mata allon, na sa yatsuna a kan maɓallai, na ce wane dalili zan rubuta, ranki ya daɗe?

Yaya, ba allon ta duba ba, ni ta duba. Tana kallon goshina da hancina. Sai ta tambaya ko ina da 'yar'uwa. Na ce ina da yaya, nas ce. Ban ce "a da" ba.

Kafin la'asar ta kai ƙarata. Injiniya ya kira ni, bai yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya duba aikina ɗaki ɗaki, bai sami kuskure ko ɗaya ba, ya faɗi haka. Ya ce amma na ɓoye masa abin da ya kamata ya sani tun ranar farko, kuma ba zai iya aiki da wanda yake ɓoye masa ba. Yana da gaskiya. An rufe mini shiga manhajar, ƙarshen wata zan ajiye katin aikina. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Bayanin kuwa yana nan. Ban fito da hoto ko ɗaya ba, ba na buƙata. Duk wanda aka kora yana da damar neman kwamiti ya sake duba maganarsa in sabuwar shaida ta fito, cikin shekara biyar. Saura miki wata goma sha biyar. Na haɗo takardar neman, na rubuta lambar ɗakin da ranar da za su duba. Sa hannunki kawai ya rage.

Ina so ta tsaya inda kika tsaya, a gaban mutanen nan, a karanta mata rantsuwarta da rajistarta a jere. Ban taɓa son wani abu haka ba, har yana ba ni tsoro.

Ƙanwarki,
Auta

20 ga Afrilu

Yaya,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina fatan kin samu barci bayan kin rubuta abin da kika rubuta. Ni na karanta shi sau biyar a tashar mota, har direba ya tambaya ko rasuwa aka yi.

Kin ce a ranar, wajen ƙarfe biyu, kina ɗaukar magani a kabad ɗin, kin ji tari ta bayan ƙofa, sannan kamar ana buga ƙarfen gado. Kin ce a ranki, ɗakinsu ne, suna ciki, kika koma kan masu jiranki. Kin ce wannan ne ya hana ki ɗaga murya shekara huɗu, kuma ba wanda kika taɓa gaya wa.

Na yi fushi da ke yini guda, ba zan ɓoye ba. Na so a ce laifin duka a wuri ɗaya yake, in nuna shi da yatsa. Har na yi tunanin in ce ki yi shiru a kan tarin, tunda ba rajistar da ta rubuta shi. Na kasa. In muka ɓoye namu, mun zama ita.

Amma ki saurare ni. Daga kabad zuwa ɗaya ƙofar, in an zagaya ta baranda, taku sittin da uku ne. Ya kamata ki zagaya, kin sani, na sani. Da kin zagaya, ƙofa a kulle za ki tarar. Ke kina da maza ashirin da biyu a kan gado ranar. Ita tana da mutum ɗaya a ɗakin, ta kulle shi don kada 'yan dubiya su dame shi, ta sa makulli a ƙugu ta manta. Ke kin ɗauki naki kin kwana da shi shekara huɗu. Ita ta ɗora miki nata a kai, ta je ta karɓi ƙarin girma.

Ban yafe mata ba, kuma ba na jin zan yafe kwanan nan. Sai dai yanzu ba don in ga fuskarta kaɗai nake so ki je ba. Dattijon nan yana da 'ya'ya, an ba su labarin da ba shi ba ne.

Ga takardar na sake aiko miki. Na ƙara layi uku a ƙasa, babu komai a kansu, ki rubuta maganar tarin da hannunki. Mai yiwuwa su mayar miki da takardar aikinki, mai yiwuwa su ƙi saboda layukan nan. Ban sani ba, kuma ba zan ce miki na sani ba.

Kwamiti yana zama Alhamis ta farko a kowane wata. In kin sa hannu, ki ba direba kafin Litinin, ni zan kai da ƙafata, yanzu ina da lokaci. Ranar zaman ki faɗa musu kin ji tari. Ki faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Sannan ki juya ki tambaye ta, a gabansu, a hannun wa makulli yake.

Ki shafa mini kan 'yan biyu.

Ƙanwarki,
Auta