Na Janye Rantsuwata Kan Allura

Uwar yara,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafarki, yaya jikoki? Ɗanmu ke rubutawa, ni ke faɗa.

Tun shekarar da ruwa ya cinye gada ban kwanta ciwo ba, sai da na zo ganin yaron nan korona ta kama ni. Kada ki damu, ɗan tari ne, sai dai na kwana sha ɗaya a ɗakin da inji ke yi wa mutum numfashi. Can ba a rabe barci da farke. Ƙarar injin ta zame mini kogi, ina hango marigayi Baba a ƙetare yana gyaran kwalekwale, bai ko ɗago ya kira ni ba.

Mu shida ne a ɗakin, kin san ba na mantuwa. Direba da tela sun yi riga-kafi, kwana huɗu aka fitar da su, telan har da tsokana: "Tsoho, sai ka taho!" Cikin mu huɗun da muka ƙi, biyu ba su tashi ba. Likita ta ce ba kullum ba ne, amma haka ta fi gani.

Na san rantsuwata ce ta hana ki, da na ce allura ba za ta taɓa kowa a gidana ba. Ban ce na yi kuskure ba, na dai janye. Ki je a yi miki, ga ciwon sukarinki. Allah Ya tsare mini ke.

Gobe da safe zan tambayi likita ranar tawa allurar. Hannun hagu zan ba ta, na dama na sanda ne.

Maigidanki