Batirin injin Baba ya kumbura

Yaya,

Na ga ka dawo aiki a gajiye, shi ya sa ban tashe ka ba.

Batirin injin numfashin Baba ya tashi daga aiki. Ɗazu Mama ta jona shi a caji, ta naɗe shi da bargo don kada yara su taɓa, ta ɗora shi a bakin tagar da rana ke duka. Da na taɓa shi sai da na yarfe hannu, ga shi ya kumbura kamar burodi. Na kai wa mai gyara, ko karɓa bai yi ba. Ya ce zafin da hannu ba zai jure ba, irin wannan batirin ma ba zai jure ba, kuma wanda ya kumbura ya gama yawo.

Yana cikin bokitin yashi a inuwa, bayan gida. Don girman Allah kada ka jona shi ka ce gwadawa za ka yi, na san halinka. Wuta zai kama. Kada kuma ka jefa shi firiji, wai sanyin ma illa ne.

Na tafi kasuwa neman wani, amma ban sa rai ba. Duk wanda na kira sai ya ce babu irinsa.

Kada ka gaya wa Mama bargon ne. Har yanzu cewa take yi kamar ƙwai ta riƙe shi.

Idan aka ɗauke wuta kafin in dawo, ka tayar da Baba zaune, ka buɗe taga. Mafici na ƙarƙashin filonsa. Abin da ya rage mana ke nan.

Ƙanwarka