Abin da Na Rubuta a Takardar Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya. Baba yana nan ƙalau, Umma ma ta warware daga haihuwa, sai dai ta rame. Auta ce ba lafiya, kuma akwai abin da na kasa faɗa wa kowa a gida. Kin san bakina, gara in rubuta.

Yau watanta biyu, amma rigunan da kika aiko har yanzu sun yi mata yawa. Idan ta kama nono, tsotso kaɗan take yi ta saki tana haki, goshinta ya jiƙe da zufa, leɓenta ya yi duhu. Da muka je awo, sikeli bai motsa ba. Malamar asibiti ta ce jariri yana numfashi da sauri fiye da babba, amma kada ya wuce sittin a minti ɗaya. Ta ba ni takarda, tunda ni ce mai rubutu, ta ce in riƙa ƙirgawa safe da yamma idan Auta ta natsu. Idan yana wucewa, za ta tura mu babban asibiti a ɗauki hoton zuciyarta.

Yaya, ranar farko na ɗaga rigarta, ina kallon cikinta da agogon Baba, na samu saba'in da huɗu. Na ɗago sai ga Umma ta zuba mini ido. Ta tambaye ni ko da sauƙi. Sai na rubuta hamsin da takwas. Ranar ta ci abinci har ta yi dariya, tana tsokanata wai na zama likitar gida. Haka na yi ta ragewa har mako biyu. Malamar ta duba takardar ta ce alhamdulillahi, ranar kuma layi ya yi tsawo, ba ta ƙirga da kanta ba. Ta ba wata jaririya gurbinmu na ɗaukar hoto a babban asibiti.

Garin gyaran gira na tsone ido. Jiya na koma ni kaɗai na faɗa mata, kaina a ƙasa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta rubuta mana sabuwar takarda, amma mai ɗaukar hoton sai bayan mako biyar zai sake zuwa. Na tambaye ta ko Auta za ta kai, sai ta hau gyara takardun kan teburinta.

Umma ba ta sani ba. Don Allah ki zo idan da hali, ki zauna kusa da ni in faɗa mata. Yau da safe tamanin da ɗaya na samu, kuma shi na rubuta.

Ki gaida maigidanki, da Goggo, da 'yan biyu. Ki ce wa Goggo ta sa Auta a addu'a.

Taki ƙanwa,
wadda kike kira Shiru-shiru