Na goge ma'aunin maigidana, ya ɗauka idonsa ne ya mutu

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don zagin da nake wa kaina ya fi wanda za ku yi mini.

Ni makanike ne a Matameye, shekaruna talatin da takwas, da mata da ƴaƴa uku. Shekara ashirin ke nan ina garajin wani dattijo da zan kira Baba Idi, ba sunansa ba ne. Shi ya koya mini riƙon sifana, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Duk wanda tsohuwar mota ta gagara daga Kance har Dungu, wurinsa ake kawowa.

Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa da ya gaji wata tsohuwar motar tsere ta Turawa daga mahaifinsa, mai ƙofa biyu, injinta a baya, silinda shida, ba ta shan ruwa sai iska. Injin irin mai matsa mai da ƙarfi ne, isans ɗin kwalba, wato fetur ɗin da muke samu a bakin hanya, kuwa bai yi masa ba. Da ta yi zafi a kan hanya sai ka ji tana ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Baba ya saurare ta kwana biyu, ya ce wa Alhaji, "Buji ɗaya ya yi mata kaɗan. A huda kowane kulas a ƙara na biyu. In wuta ta kama daga gefe biyu, man zai ƙone da wuri, sai mu ja lokacin wutar baya, ƙarar ta tafi." Kulas shi ne murfin da ke kan silinda, inda buji, abin da ke kunna wa mai wuta, yake shiga. Alhaji ya ce, "Baba, motar mahaifina ce, na ba ka amana."

Mako guda Baba ya yi yana sassaƙa wani ma'auni na ƙarfe wanda in ka ɗora a kan kulas zai nuna maka daidai wurin huda da yadda za ta karkata. Ya ba ni kulas shida da ma'aunin, ya ce in kai wa mai injin huda a Damagaram. Ya ce, "Kada ka kauce ko da kaurin gashi." To, ni kuma na sha kallon bidiyon Turawa a waya suna irin wannan aiki, na ga kamar hudarsu ta fi ta Baba miƙewa. Zuciyata ta ce mini tsoho ya tsufa, a ina ya taɓa ganin buji biyu? Shekara ashirin ana cewa aikin Baba, yaushe za a ce aikina? Sai na ce wa mai hudar ya matsa kaɗan, kamar kaurin ashana biyu. Ya dube ni ya ce, "Naman wurin zai yi siriri fa." Na ce haka maigida ya ce.

Muka haɗa, muka sa buji goma sha biyu, mota ta tashi lafiya lau, ƙara ta ɗauke. Mako uku bayan nan, a hanyar Tsauni da rana tsaka, kulas biyu suka tsage daga bakin sabuwar hudar, injin ya cinye kansa. Aka jawo motar da igiya mutane na kallo.

Ga inda na fi jin kunya. Na san Baba zai nemi ma'aunin ya gwada. Kafin ya dawo daga sallar la'asar na ɗauki magagari na goge shi har ya dace da hudar da na sa aka yi. Ya zo tare da Alhaji, ya ɗora shi a kan kulas, ya shafa da yatsa, ya sake ɗorawa. Ya ce, "A inda na nuna aka huda?" Na ce, "Eh, Baba." Sannan ya juya wurin Alhaji ya ce, "Laifina ne. Ashe idon ya tafi ban sani ba. Ka yafe mini." Alhaji bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Da ka faɗa tun farko, Baba." Ina tsaye, magagarin na cikin aljihun rigata.

Tun ranar, wata biyar ke nan, Baba bai sake taɓa inji ba. Ya daina hawa babur ɗinsa, wai kada ya kashe ɗan wani. Ya je likita an duba an ce idonsa ƙalau in ban da gilashin karatu, ya dawo ya ce, "Su na'ura suka gwada, ni aiki ya gwada ni." Yanzu zama yake a kan benci yana miƙo mini sifana, in wani ya kawo mota ya ce, "Ku ga wannan, shi ne mai ido." Wallahi duk sanda ya faɗa sai in ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Wane irin mutum ne ni? Matata ta tambaye ni me ya hana ni cin abinci, na ce ciwon ciki.

Shekaranjiya Alhaji ya samo wasu kulas daga Kwatano, ya ce da ƙyar aka samu, kuma ba wasu bayansu. Ya ce ni kaɗai zan yi aikin, kada tsohon ya sa hannu. Ni kuma ban san wurin hudar gaskiya ba, don na goge ma'aunin da hannuna. A cikin ƙwaƙwalwar Baba kawai yake. Jiya na lallaɓa na ce ya sake yi mini ma'auni, ya yi murmushi ya dafa kafaɗata ya ce, "A'a ɗana, nawa ya riga ya kashe mota ɗaya. Bi abin da ke cikin wayarka."

In na bi wayar, zan sake fasa motar. In na faɗi gaskiya, zan dubi mutumin da ya riƙe ni shekara ashirin in ce masa na bar shi wata biyar yana zargin idonsa. Alhaji ya ce ranar Asabar in tafi Damagaram da kulas ɗin.

Ƴan uwa, don girman Allah, me zan yi?