Kunzugun da Ƙasa Ta Ƙi Ci

Cadawa, watan zaɓe

Yaya Rabilu,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ba zan tambayi lafiyar jam'iyyarka ba, na san ita kake jinya, mu kuwa Baba muke jinya.

Kwalin kunzugun kanti da ka aiko daga Maradi ya iso, tare da saƙonka wai in daina ɗaura wa Baba tsumma kamar marar ɗa. Sannu da ƙoƙari. Tun da ciwon shanyewar jiki ya hana shi riƙe fitsari, tsofaffin zannuwan mahaifiyarmu, marigayiya Gogo, nake yankawa in cusa auduga, in wanke a bayan ɗaki. Sai ya sa babbar rigarsa ya zauna a zaure yana sasanta mutane, ba wanda ya sani. Abu ɗaya ya taɓa roƙona, in rufa masa asiri.

Na farke naka ɗaya na duba. Bayansa leda ce, cikinsa wani abu mai kama da auduga, da wani gari da ke kumbura kamar kunu mai kauri in ya sha ruwa. Ba ya wankuwa, in ya jiƙe ba ya cin wuta, masai kuma cika zai yi. Waɗanda Baba ya yi amfani da su, turbuɗe su nake yi a ƙasan juji. Kada kowa ya taɓa jujin nan sai na ce.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Batulu

Cadawa, farkon damina

Rabilu,

Ina gaishe ka don an koya mana gaisuwa a gidanmu. Allah ya sa kana da lafiyar karanta wannan har ƙarshe.

Sojoji sun sauka daga kujera, kun samu mulki, an ba ka buro, ofis naka na kanka, sai ka tuna muna da gona. Ina can garin Gangara wajen ta'aziyya ka bugo wa Idi mai amalanke ya kwashe jujin ya kai taki. Ashe ko buɗe wasiƙata ba ka yi ba. Da ruwan farko ya sauka taki ya bi ƙasa, kunzugun nan kuwa suka kumbura fari fat, birjik a gonarmu ta bakin hanyar kasuwa. Gidanmu babu jariri, kuma babu jariri mai irin wannan ƙugu. Kafin la'asar har mata masu awo sun sani.

Dattawa suka zo gaida Baba, suka zauna nesa da tabarmarsa suna yi masa sannu a hankali. Ya gane. Tun ranar bai sake leƙa zaure ba. Haushinka nake ji, Rabilu.

Yanzu ya daina shan ruwa don kada ya jiƙa komai. Ko fura ya ƙi. Leɓensa ya tsattsage, likita ya ce ƙodarsa ba za ta jure ba. In na roƙe shi sai ya juya fuska bango.

Kada ka sake aiko mana komai. Ka zo da ƙafarka ka durƙusa ka miƙa masa moɗa, ko zai ji kunyarka ya kurɓa. Ni na yi har na gaji, ya daina duban fuskata.

Batulu