Fuskar Kaka a Cikin Waya

Unguwar Matsango, Azare,
16 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Goggona, Hajiya Kaltum,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi da biyayya, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya gwiwar taki, da ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan muna lafiya. Damina ta yi albarka, geron Baba na gonar hanyar Bulkachuwa ya kusa isa yanka, wake ma ya fara fure. Yaya ƙarin haƙurinmu kuma? Yau wata uku ke nan da rasuwar Kaka, amma har yanzu in na tashi da safe sai in nufi ɗakinta in gaishe ta, sai na kai bakin ƙofa in tuna. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta.

Goggo, na san labari ya riga ni isowa wurinki. Umma ta faɗa min kin kira, kin ce da kin san abin da zan yi ke nan da wayar da kika aiko min, da kin jefa ta a teku. Ban ga laifinki ba. Kin san ni, in aka tsare ni da tambaya bakina mutuwa yake yi, shi ya sa na roƙi Malam Bunu direba ya kawo miki wannan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, zan faɗa miki komai yadda ya faru.

Bayan sadakar arba'in, Munira ta gidan Kawu Mamman na Giade ta kwana biyu a wurinmu. Ta ga ba na ci, ba na magana, ko littattafan soyayyar nan da Kaka take min tsiya a kansu na daina buɗewa. Sai ta saka min wani wasa da ake yi ta intanet, wanda mutane daga garuruwa daban-daban suke haɗuwa a cikin wata duniya ta tatsuniya, mai dodanni da dazuzzuka. Kafin a shiga, sai kowa ya gina mutumin da zai riƙa yawo da shi: ya zaɓar masa fuska da tsawo da sutura da sana'a, ya raɗa masa suna. Wallahi Goggo, niyyata in yi irin 'yan matan littafi, fara doguwa mai gashi har gadon baya, irin waɗanda Kaka take cewa da ganinsu ba su iya tuƙa tuwo ba. Har na fara. Sai na kai wurin da ake zaɓar tabon fuska. Su sun ajiye shi ne don mayaƙan da takobi ya sara, amma ni da na ga dogayen layukan nan a kumatu, ban ga sara ba, zanen Barebari na gani, irin na fuskar Kaka.

Daga nan ban san yadda aka yi ba. Na rage hasken fatar, na rage tsawon, na mayar da gashin fari. Na yi ta matsa hanci da haɓa kaɗan-kaɗan har aka kira la'asar. Babu lafaya a cikin kayansu, sai na ɗauki wani dogon mayafi ruwan ƙasa na naɗa mata. Da aka ce in zaɓi sana'a, na tsallake masu baka da masu takobi na ɗauki mai magani, saboda wa ya taɓa shiga ɗakin Kaka da ciwon kai ya fito da shi? Da na gama, sai ta ɗago ta ƙifta ido. Goggo, kin san Kaka ba ta yarda da hoto ba duk rayuwarta, ko a bikin Yaya Halimatu Sadiya juya baya ta yi. Ni kuwa a kwanakin nan na fara rufe ido in neme ta in rasa, sai ƙamshin turarenta kawai yake zuwar min. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na san na yi wa matar da ta ƙi hoto hoto, ban kuma ce daidai na yi ba.

Sauran suna. Nan ne na yi babban kuskuren. Tun da aka haife ni aka sa min sunanta, kowa Ya Gana yake ce min, don Baba ba ya iya faɗar sunan mahaifiyarsa, ke ma haka. Ki yafe min rubuta shi a nan: na sa Fanna. A raina na ce ai nawa ne, ban taɓa jin an kira ni da shi ba in ba a rajistar makaranta ba. Ban yi tunanin cewa duk wanda ke cikin wasan da sunan nan zai riƙa kira ba.

Sati biyu ba na yin komai sai yawo da ita, in kai ta kasuwarsu, in tsayar da ita gindin bishiya ina kallo. Sai Munira ta dame ni daga Giade, wai ƙungiyarsu ba ta da mai magani, wai ni na zo duniyar mutane na buɗe gidan tsofaffi. Na biye mata. Ranar wata Alhamis da yamma muka shiga wani kogo, abin sawa a kunnena ya lalace, don haka muryoyinsu a fili suke fita. Baba yana zaune kan tabarma a tsakar gida yana gyara rediyonsa. Dodo ya biyo ni, Munira ta hau ihu tana kiran sunan, wai ta gudu, ta gudu. Can sai ta fashe da dariya, ta ce shi ke nan an kashe ta, wai tsohuwar nan ko kunkuru ya fi ta sauri. Da sunan ta faɗa, Goggo, tsirararsa, sauran yaran da ban ma san su ba suna maimaitawa. Baba ya taso ya tsaya a kaina. Ya ga fuskar mahaifiyarsa kwance a ƙasa. A wasan ana tashi bayan an faɗi, amma wa zai tsaya yi masa wannan bayanin? Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Takalminsa ya sa ya fita.

Kwana takwas in na durƙusa na gaishe shi, kai kawai yake ɗagawa. Da dukana ya yi da ya fi min sauƙi. Umma ta karɓe wayar, ta ce ranar Juma'a a gabansa zan goge abin, a wuce wurin. Na amince. Da ya dawo masallaci ta miƙo min, na buɗe, na taɓa wurin gogewa. Ashe masu wasan ba sa barin a goge mutum da kuskure: sai an rubuta sunansa harafi bayan harafi a wani ɗan gurbi, sannan a danna. Na kasa rubuta ko harafi ɗaya. Umma ta fara faɗa, wai yanzu na san kunya. Sai Baba ya miƙo hannu ya karɓa, ya sa tabaraunsa. Ya daɗe yana kallo, ita kuma tana tsaye tana numfashi kamar mai jiran a yi mata magana. Abin da ya fara faɗa min bayan kwana takwas shi ne na manta zanen da ya sauko daga goshi zuwa karan hanci. Sannan ya tambaya ko babu wata hanyar sai an rubuta, na ce babu. Ya ɗora yatsa a kan harafin farko, ya tsaya. Sai ya ajiye wayar a kan tabarma, ya ce shi bai taɓa rubuta sunan nan don alheri ba, ba zai fara rubuta shi don ya shafe ba, kuma ba zai tilasta min abin da ya gagare shi ba. Ya ce kada in ƙara kai ta inda za a taɓa ta, kada sunan ya ƙara shiga bakin yara. Sauran hukuncin kuma naki ne, ke ce babba, abin da kika yanke shi za a yi.

To Goggo, ga shi a hannunki. Na fita daga ƙungiyar su Munira, na rufe hanyar da kowa zai yi min magana. Akwai wani ƙauyen masunta a bakin tafki inda ba a yaƙi, can na kai ta na zaunar, ban sake buɗewa ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, don haka ba zan yi miki gardama ba. In kin ce a goge, ni zan rubuta sunan da hannuna, don duk gidan nan ni kaɗai ce ba a hana ba, kuma ba zan bari Baba ya sake riƙe wayar nan a kan wannan ba. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ban turo miki hoton ba, kuma ba zan tura wa kowa ba, don kada ya yi ta yawo a wayoyin mutane. Ki bari sai kin zo kin gan ta da idonki sau ɗaya, sannan ki yanke.

Ki gaishe min da Alhaji Abdurrahim da kyau, da Gumsu da Khaulat. Umma tana gaishe ki, Yaya Halimatu Sadiya ma haka. Baba ya ga ina rubutu, ya ce in ce miki yana gaisuwa. Allah Ya bar mu tare, Ya jiƙan wadda ta haife ku.

Taki mai neman gafara,
Ya Gana.